Bath, garin da ruwan zafi ya gina: abin da ya kamata ku sani kafin ku je

Duk wanda ya ɗaura niyyar zuwa Bath don ya yi wanka a tafkin da Romawa suka gina, gara ya sani tun daga gida cewa ba za a bar shi ba. Zai biya kuɗin shiga, zai tsaya a bakin tafkin yana kallon tururi na tashi daga koren ruwa, amma da zarar ya sunkuya zai tsoma hannu, ma'aikaci zai matso ya hana shi cikin ladabi. Wankan yana nan, sai dai a wani gini daban, taku kaɗan daga wurin, kuma da kuɗinsa daban. Baƙi da yawa sai sun isa suke gane haka.

Bath ƙaramin birni ne a kudu maso yammacin Ingila, cikin yankin Somerset, yana kwance a kwari a gaɓar kogin Avon, tuddai sun yi masa zobe. Ƙidayar 2021 ta ba shi mutum kimanin 94,000. Tsakaninsa da Landan kilomita 156 ne, da Bristol kuwa 18 kacal. Duk da ƙanƙantarsa, hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya tun 1987, ta kuma sake sa shi a 2021 cikin jerin garuruwa 11 na Turai da suka yi suna da ruwan magani, tare da irin su Baden-Baden na Jamus da Vichy na Faransa. Ruwa ne ya jawo masa wannan daraja, don haka da ruwan za mu fara.

Maɓuɓɓuga uku ne a tsakiyar garin, kusa da juna. Babbar, wadda ake kira Maɓuɓɓugar Sarki, tana fitar da lita miliyan 1 da dubu 170 a kowace rana, zafin ruwan digiri 46. Wanda ya taɓa shiga ruwan Wikki a Yankari ya san ɗumin digiri 31. To a ƙara masa 15, ya wuce abin da jiki zai daɗe a ciki. Babu dutse mai aman wuta a kusa. Ruwan sama ne da ya sauka a tuddan Mendip shekaru dubbai da suka wuce, ya yi ta tsiyaya ta cikin dutsen farar ƙasa har zurfin kilomita 3 zuwa 4, inda zafin cikin ƙasa ya dafa shi, sannan matsi ya turo shi sama ta wata tsaga. A kan hanyarsa yana kwaso ma'adanai fiye da 40, shi ya sa duk inda ya bi yake barin jan tsatsa a jikin dutse. Ko bazara ko hunturu, yawansa da zafinsa suna nan yadda suke. A duk faɗin Birtaniya babu wani ruwan da yake fitowa da irin wannan zafi. Na Buxton, wanda shi ma garin ruwan magani ne a arewa, bai kai digiri 30 ba.

Mutanen garin suna da tatsuniyarsu. Wai wani yarima mai suna Bladud ya kamu da kuturta, aka kore shi daga fada, ya koma kiwon aladu. Ya lura dabbobin suna birgima a wani taɓo mai tururi suna fitowa fatarsu sumul, shi ma ya shiga ya warke, ya koma ya gaji sarauta, ya kafa gari a wurin. Za ku ga ƙaramin mutum-mutuminsa a jikin bango yana kallon maɓuɓɓugar. Ku ji labarin ku yi murmushi, tatsuniya ce.

Abin da Romawa suka bari

Sojojin Roma sun shiga Birtaniya a shekara ta 43 Miladiyya. Sun tarar 'yan ƙasa suna girmama maɓuɓɓugar da sunan wata abar bautarsu, Sulis. Maimakon su rushe al'adar, sai suka haɗa ta da tasu Minerva, suka gina ɗakin bauta tsakanin shekara ta 60 da ta 70, suka kira wurin Aquae Sulis. Aikin injiniyancinsu shi ne abin kallo. Sun kakkafa turakun itace cikin taɓo, suka kewaye idon ruwan da katanga, suka shimfiɗa mata dalma, ruwan ya taru wuri guda, daga nan suka ja shi zuwa tafkuna, ragowar kuma ta bi magudana zuwa kogi. Magudanar tana aiki har yau. Babban tafkin zurfinsa mita 1.6, ƙasansa fallayen dalma 45 ne da aka shimfiɗa kusan shekaru 2,000 da suka wuce, kuma har yanzu suna riƙe ruwa.

Wankan Baroma ba na gaggawa ba ne. Mutum zai tuɓe, ya bi ɗakuna daga mai ɗumi zuwa mai zafi har gumi ya keto masa, a shafe shi da man zaitun, a kankare man da dauɗar da wani lanƙwasasshen ƙarfe, sannan ya faɗa ruwan sanyi. Sabulu ba ya cikin lissafi. A ɗakunan zafin za ku ga gajerun ginshiƙan tubali a jere, daɓen da ke kansu ya tafi. A kansu aka ɗora daɓen, bayi suna hura wuta a gefe, iska mai zafi tana zagayawa ta ƙarƙashi.

In kun shiga gidan tarihin da ke wurin wankan, kada ku yi sauri ku wuce wani akwatin gilashi mai ɗauke da 'yan gutsattsarin dalma, waɗansu ba su kai tafin hannu ba. A ganina sun fi komai a wurin. Allunan tsinuwa ne, kimanin 130, da aka tsamo daga cikin maɓuɓɓugar tare da tsabar kuɗi fiye da 12,000 da mutane suka jefa. Wanda aka yi wa sata yakan karce kokensa a kan dalma, ya naɗe ko ya ninke, ya jefa cikin ruwan, ya bar ɓarawon da Sulis. Kuma abin da aka sace ba wani abin azo-a-gani ba ne. Wani safar hannu aka ɗauke masa, ya roƙi ɓarawon ya rasa hankalinsa da idanunsa. Wani mayafinsa, wani rigar wankansa, wani 'yan sulallan azurfa shida. Akwai waɗanda suka jero sunayen mutanen da suke zargi ɗaya bayan ɗaya, akwai waɗanda suka rubuta haruffan a juye don kada wani ya karanta. Waɗannan mutane ne da ba su da bawan da zai tsare musu kaya yayin da suke cikin ruwa, ba su kuma da ƙarfin kai ƙara gaban hukuma. Sarakunan Roma sun bar sunayensu a jikin manyan duwatsu. Muryar talakan wancan zamani kuwa da wuya a same ta a rubuce, ga ta nan a Bath tana kumfar baki kan safar hannu. A 2014 UNESCO ta sa allunan cikin rajistar muhimman rubuce-rubucen tarihi na Birtaniya.

Sauran abin da ake layi a gani shi ne kan mutum-mutumin Sulis Minerva, na tagulla mai ruwan zinariya, wanda leburori masu haƙa magudana suka tono a 1727, da wata fuska mai gemu da gashi kamar macizai da ta ƙawata goshin ɗakin bautar.

Ga wani abu da hotuna ba sa faɗa. Bayan Romawa sun janye a farkon ƙarni na 5, rufin ya rufta, laka ta binne komai, gari ya ci gaba a kai. Sai wajen 1880 injiniyan birnin, Charles Davis, ya tono babban tafkin yana bin sawun wani yoyo. Barandar da za ku fara tsayawa a kai, da gumakan sarakunan Roma da ke jere a gefenta, duk aikin Turawan ƙarshen ƙarni na 19 ne, an buɗe su a 1897. Ainihin na Romawa yana ƙasa, 'yan mitoci ƙarƙashin titin yau, daga gindin ginshiƙai zuwa ruwa. Koren launin ruwan ma ba na asali ba ne. A da tafkin yana cikin rufaffen zaure mai tsawo. Yanzu da rana take dukansa kai tsaye, gansakuka ce ta samu wurin zama.

To, me ya sa aka hana shiga?

Har bayan tsakiyar ƙarnin da ya wuce ana iyo a ruwan Bath, likitocin gwamnati ma suna tura masu ciwon gaɓoɓi. A 1978 wata yarinya ta rasu da wani nau'in sanƙarau bayan ta yi iyo a ruwan, bincike ya gano wata ƙwayar cuta da take son ruwan ɗumi, wadda kan shiga ta hanci ta kai ƙwaƙwalwa. Nan take aka rufe wuraren wanka. Garin ruwa ya yi shekara 28 babu wanka. Sai da aka haƙa sababbin rijiyoyin burtsatse da suke ɗauko ruwan tun daga ƙasa kafin ya gurɓata, aka gina sabon gidan wanka na gilashi da dutse mai suna Thermae Bath Spa, aka buɗe shi a 2006 bayan jinkiri na shekaru da kuɗin da ya ninninka kasafi.

A nan ne ake wankan yau. Ana tace ruwan, a rage zafinsa zuwa wajen digiri 34, kuma abin da ya fi jan mutane shi ne tafkin da ke kan rufin bene, inda mutum yake cikin ruwan ɗumi yana hango hasumiyar coci da tuddai. Amma ku san wannan kafin ku sayi tikiti: maza da mata tare suke shiga, kowa da kayan iyo, kuma ba a barin yaron da bai kai shekara 16 ba. Wanda hakan bai yi masa ba, akwai wani ƙaramin tsohon tafki a tsallaken titi, Cross Bath, da iyali ko ƙaramin rukuni kan iya kama shi su kaɗai in sun nema tun da wuri. Wanda kuma bai shiga ruwa ko ɗaya ba bai yi asarar tafiyarsa ba.

Sha kuwa an yarda. A ƙarshen zagayen gidan tarihin akwai famfo da ƙananan kofuna. Ruwan da ɗumi, da ɗanɗanon ƙarfe, da ɗan wari. Yawancin mutane kurɓi ɗaya suke yi su yamutsa fuska. A ƙarni na 18 likitoci sukan rubuta wa maras lafiya kofuna da yawa a rana, tun kafin karin kumallo.

Shin yana magani? Ruwan ɗumi yana sassauta amosanin gaɓɓai da ciwon jiki, wannan kowa ya sani, kuma mutumin da ya bar giya da cin kitse ya huta na makonni dole ya ji sauƙi. Abin da ya wuce haka talla ce. A 1687 Sarauniya Mary, matar Sarki James na Biyu, wadda ta daɗe tana neman ɗa namiji, ta yi wanka a Cross Bath, a shekara mai zuwa ta haifi namiji. Masu masauki a Bath sun ci kasuwa da wannan labari shekara da shekaru. Kada wani ya ɗauko maras lafiya daga gida saboda shi.

Cocin da ke ƙofar wankan

Fita daga gidan tarihin ke da wuya za ku yi kiciɓis da babban cocin garin, Bath Abbey. A wannan wuri aka naɗa Edgar sarautar Ingila a 973, kuma tsarin bikin naɗin nasa ne aka yi ta ginawa a kai har zuwa yau. Ginin da ke tsaye yanzu an fara shi ne a 1499. Ku ɗaga kai ku dubi fuskarsa: tsani biyu ne aka sassaƙa a dutse, mala'iku suna hawa, wani ma yana saukowa da ka. A ciki rufin ya bazu kamar mafici, tagogi sun cinye bango. Mai ƙarfin gwiwa zai iya hawa matakala 212 zuwa saman hasumiya. A 'yan shekarun nan aka tono daɓen cocin aka sa bututu, ana ɗumama shi da zafin ruwan da ke bin magudanar Romawa.

Wani ɗan garin da ya kamata mu san sunansa shi ne Adelard na Bath, malamin ƙarni na 12. Ya yi tafiya har Sisiliya da Antakiya neman ilimi, ya koyi Larabci, ya fassara littafin lissafin Euclid daga Larabci zuwa Latin, haka ma jadawalin taurari na al-Khwarizmi. Ta hannun irinsa ilimin malaman Musulunci ya isa makarantun Turai.

Yadda aka mai da ciwo kasuwa

Garin da idonku zai gani, mai dogayen layukan gidaje kalar zuma, ƙarni na 18 ne ya haife shi. Sarauniya Anne ta zo shan ruwa a 1702 da 1703, manya suka biyo sawunta, sai mutum uku suka ga dama suka kama.

Na farko Richard Nash, ɗan caca daga Wales, mai farar hula da son ado, wanda ya zama sarkin biki na garin fiye da shekara hamsin. Ba shi da muƙamin gwamnati, amma maganarsa doka ce. Ya hana rataya takobi, ya hana shiga zauren rawa da takalmin hawa, ya sa a tashi daga rawa ƙarfe 11 na dare ko da 'yar sarki ce ta nemi ƙari. Ya tilasta wa masu sarauta su gaisa da 'yan kasuwar da suka yi sabon kuɗi, abin da ba a saba ba a Landan. Da majalisa ta tsaurara dokar caca sai arzikinsa ya karye, ya rasu a 1761 cikin talauci. Na biyu Ralph Allen, wanda ya yi kuɗi da gyara harkar gidan waya, ya sayi ma'adinan dutse a tudun Combe Down. Dutsen yana da laushi in an sare shi, ana yanka shi da zarto, sai ya sha iska ya taurare. Na uku magini John Wood, da ɗansa mai sunansa.

Ranar baƙo a wancan zamani takan fara da asuba. 'Yan dako biyu su ɗauko shi daga masauki a cikin kujera mai rufi, ya shiga tafki sanye da tufafin zane mai kauri, maza da mata, 'yan kallo na leƙe daga sama. Daga nan zauren shan ruwa, ana kiɗa ana gulma, sai coci, sai yawo, da dare rawa da karta. Masu ciwon ƙafa sun zo da iyalansu, iyalan kuma sun zo neman miji da mata. Garin da bai wuce mutum 3,000 ba a 1700 ya haura 30,000 a 1801. Talakawa marasa lafiya su ma sun yi ta kwararowa, aka buɗe musu asibitin ruwan ma'adini a 1742, wanda ya taimake su, ya kuma kawar da su daga idon masu hannu da shuni.

Daga coci, tafiyar minti goma sha biyar ce a ƙafa, ana hawa, zuwa Circus, da'irar gidaje da Wood babba ya fara a 1754, shekarar da ya rasu, ɗansa ya kammala. Manyan bishiyoyi ne a tsakiya. Gaba kaɗan sai Royal Crescent, wanda ɗan ya gina daga 1767 cikin shekara bakwai zuwa takwas: gidaje 30 a manne, sun lanƙwasa kamar jinjirin wata, tsawonsu mita 150, da ginshiƙai 114 a fuska. Kowa a nan yake ɗaukar hoto ya juya. Ku kuwa ku zaga ta baya. Wood fuska kawai ya zana, ya sayar da filaye, kowane mai saye ya gina abin da aljihunsa ya iya a bayanta. Don haka gaban kamar fada guda, bayan kuwa rufi wani sama wani ƙasa, tagogi ba tsari, bututun bahaya a manne a bango. Ku kuma leƙa ƙasa ta shingen ƙarfen da ke gaban gidajen, za ku ga matakala tana gangarawa wani rami mai ƙofa. Nan ne madafa, nan barori suke yini. Gida mai lamba 1 an mai da shi gidan tarihi, kuma sashen barorin ya fi ɗakin baƙin koyar da mutum.

Akwai tambayar da ya kamata baƙo daga Afirka ya yi: ina kuɗin ya fito? Bristol, maƙwabciyar Bath, tana cikin manyan tashoshin da jiragen cinikin bayi suke tashi a ƙarni na 18, kuma masu gonakin rake a tsibiran Karibiyan suna cikin manyan baƙin Bath da mazaunanta. Gadar Pulteney, wadda aka gama a 1774, mai kantuna hagu da dama har mutum ya haye bai san kogi yake tsallakawa ba, tana ɗauke da sunan dangin da maigidansu, William Pulteney, yake da gonaki da bayi a can. Hasumiyar Beckford da ke kan tudun Lansdown, ta 1827, gumin bayin Jamaika ne ya gina ta. A bangon coci kuwa, cikin ɗaruruwan allunan tunawa da matattu, ku karanta a hankali za ku yi ta cin karo da Jamaika da Barbados da Bengal. Shekaru da yawa ba a maganar. Yanzu cocin da gidajen tarihin sun fara faɗa da bakinsu. A garin nan kuma William Wilberforce, jagoran yaƙi da cinikin bayi a majalisa, ya yi aure a 1797, shekara goma kafin a haramta cinikin.

Yayin Bath ya wuce da manya suka koma wankan teku a irin su Brighton, garin ya zama matattarar tsofaffin hafsoshi da gwauraye. A Afrilun 1942 jiragen Jamus suka yi masa ruwan bama-bamai, fiye da mutum 400 suka mutu. Bayan yaƙi hukumomi da kansu suka rushe layuka da dama na ƙananan tsofaffin gidaje da sunan zamani, sai da jama'a suka tashi tsaye aka daina.

Gidaje biyu da ba kowa yake zuwa ba

Masu son adabin Ingilishi suna zuwa ne don Jane Austen, wadda ta zauna a garin daga 1801 zuwa 1806, ta kuma kafa labarin littattafanta biyu, Northanger Abbey da Persuasion, a cikinsa. Kowane Satumba masoyanta sukan cika titi cikin tufafin zamaninta. In ba ku karanta ta ba, cibiyar da aka buɗe da sunanta ba za ta ce muku komai ba, kuma ba ma a gidan ta zauna ba.

Na fi ba ku shawarar gida mai lamba 19 a titin New King. Wani makaɗi Bajamushe, William Herschel, ya zauna a nan da ƙanwarsa Caroline, yana koyar da kiɗa da rana, da dare yana kallon sama da madubin hangen nesa da ya ƙera da hannunsa. A ɗan lambun bayan gidan, ranar 13 ga Maris 1781, ya gano duniyar Uranus. A ɗakin aikinsa za ku ga daɓen dutse a tsattsage, inda narkakken ƙarfe ya taɓa kwarara lokacin da yake zubin madubi.

Na biyu Fairfield House, a yammacin gari. Da Italiya ta mamaye Habasha, Sarki Haile Selassie ya yi gudun hijira a 1936, ya sayi wannan gida ya zauna da iyalinsa da 'yan fadarsa, cikin sanyi da ƙarancin kuɗi, yana ta aika wasiƙu ga ƙasashen da suka yi kunnen uwar shegu da kukansa. Ya koma Addis Ababa a Mayun 1941. Bai manta ba: a 1958 ya ba birnin kyautar gidan don amfanin tsofaffi. Har yau tsofaffi 'yan asalin Karibiyan da Afirka da Asiya suna taruwa a ciki, Habashawa da 'yan Rasta kuma suna kai ziyara. Ba kullum ake buɗe shi ga baƙi ba, sai ku bincika ranar kafin ku tafi.

Shirin tafiya

Mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Gana sai da bizar ziyara ta Birtaniya. Wannan a gama da ita tukuna. Daga Landan jirgin ƙasa yana tashi a tashar Paddington, cikin kamar awa ɗaya da minti ashirin ya sauke ku a tashar Bath Spa, daga nan minti biyar a ƙafa kun isa coci. Tikitin da aka saya kwanaki kafin tafiya, kuma ba na lokacin fitar ma'aikata ba, ya fi araha nesa ba kusa ba. Bas ta fi jirgi sauƙin kuɗi, ta fi shi daɗewa. Mota kuwa wahala ce, titunan ƙanana ne, wurin ajiyewa tsada. In dole ne, a bar ta a filayen ajiye motoci na bakin gari a shigo da bas.

Fiye da mutum miliyan ɗaya suke shiga wankan Romawa a shekara, kuma yawancinsu motocin yawon buɗe ido ne suke juye su tsakanin hantsi da la'asar, a haɗa musu da ziyarar wurin tarihi na Stonehenge a yini guda. Ku sayi tikiti ta intanet, ku zaɓi sa'ar farko ta safe, lokacin da sanyi yake sa tururin ya fito sosai kuma ba mai tura ku. Ku ware awa biyu. Ana ba da na'urar saurare mai bayani da Ingilishi da Faransanci da wasu harsuna, tana cikin kuɗin shiga. A dandalin da ke gaban wurin kuma akwai 'yan sa-kai na magajin gari da suke zagayawa da baƙi a ƙafa kyauta, ko tukwici ba sa karɓa. Yawancinsu dattawa ne da suka san kowane lungu.

A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, a Disamba kuwa ƙarfe 4 duhu ya fara, sai a lissafa lokutan salla da wannan. Akwai masallaci a titin Pierrepont, tsakanin tashar jirgi da coci. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba kasuwar Kirsimeti takan cika gari maƙil, masauki ya yi tsada. Mayu da Satumba sun fi daɗi, amma ko yaushe kuka je ku riƙe rigar ruwa da takalmin da ba ya santsi, don daɓen dutsen Romawa ya lashe, hawa da gangara kuma ba sa ƙarewa. Ku tafi da katin banki, wurare da yawa sun fi son sa a kan tsabar kuɗi.

Abinci ba matsala, akwai gidajen abincin Turkawa da Indiyawa da Larabawa, a tambaya ko naman halal ne. Burodin gargajiyar garin, na gidan Sally Lunn, faffaɗa ne mai laushi, ana cin sa da man shanu ko kirfa. Layin ƙofar gidan yakan fi burodin girma. Wanda ya sayi abin ci a hannu ya zauna bakin kogi, ya yi hattara da tsuntsayen teku, farare manya, da suke fizge abinci daga hannun mutum. Kwana ɗaya a garin ya fi zuwa a koma a yini, domin da yamma motocin baƙi suke watsewa a samu sarari. In kuɗin otal ya yi yawa, a kwana a Bristol. Jirgi tsakaninsu kwatan awa ne, kuma yana yawan tashi har dare.